Rance na Zuwa, Ƙasa na Tafiya: Manomin Arewa Tsakanin Bashin Gwamnati da Gonar da ta Gaji

A ranar 18 ga Janairun 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya halarci wani fili a Abuja inda aka jera dalar shinkafa, buhu kan buhu, abin da Babban Bankin Najeriya da ƙungiyar manoman shinkafa ta RIFAN suka ce ya kai buhu miliyan ɗaya. Aka shaida wa duniya cewa shanshera ce da manoma suka biya bashi da ita a ƙarƙashin shirin Anchor Borrowers. Dattawan Kano da suka ga hotunan sun tuna dalar gyaɗa ta zamanin ƙuruciyarsu, kuma dama abin da masu bikin suke so a tuna ke nan.

Shekara guda bayan haka sai lissafi ya fito. Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya ce kashi 24 cikin ɗari kacal na bashin aka dawo da shi. Babban Banki ya musanta, ya ce an biya naira biliyan 503, wato kimanin kashi 52 cikin ɗari na abin da lokacin biyansa ya yi. Ko da an ɗauki maganar bankin, kusan rabin kuɗin yana waje. Kuma ba ƙaramin kuɗi ba ne: sama da naira tiriliyan ɗaya, wadda aka ce an raba wa manoma fiye da miliyan huɗu da rabi tun daga ranar 17 ga Nuwamban 2015 da aka ƙaddamar da shirin a Jihar Kebbi. Da Olayemi Cardoso ya karɓi ragamar bankin a ƙarshen 2023, sai ya ce ba aikin Babban Banki ba ne raba bashin noma, aka rufe wannan ƙofa.

Tun daga lokacin ake ta jayayya kan wanda ya ci kuɗin. Tambaya ce mai muhimmanci, amma akwai wadda ta fi ta tsufa, kuma ba a cika yin ta ba: a wace irin ƙasa aka zuba wannan kuɗi, kuma a wane hali aka bar ta?

Yadda aka tsara, da yadda ta kaya

A takarda, tsarin yana da kyau. Manoma su haɗu rukuni-rukuni, daga mutum biyar zuwa ashirin, kowa da 'yar gonarsa. A haɗa su da babban mai saye, kamar kamfanin casar shinkafa, wanda zai karɓi amfanin da kaka a farashin da aka daidaita. Mafi yawan bashin ba tsabar kuɗi ba ne, kaya ne: iri, taki, maganin ciyawa, injin ban ruwa. Kuɗin ruwa kashi 9 cikin ɗari, aka rage shi zuwa kashi 5 a 2020 lokacin annobar korona. Akwai kuma inshora idan an gamu da ambaliya ko fari.

Ba gaskiya ba ne a ce shirin bai yi komai ba. Duk wanda ya san fadamun Argungu da Suru da Jega kafin 2015 ya san noman rani ya faɗaɗa bayan nan. Shinkafar Lake Rice da Kebbi da Legas suka haɗa hannu suka fitar a ƙarshen 2016 ta shiga kasuwa. Kamfanonin casa sun yawaita a Kano da Kebbi da Jigawa, musamman bayan rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019. Matasa da dama da suke tafiya ci-rani kudu sun zauna gida saboda an samu abin yi da rani.

Matsalolin kuma ba ɓoyayyu ba ne. Sunaye sun shiga jerin masu karɓa waɗanda ba su taɓa riƙe fartanya ba. An yi ta ganin taki da injin ban ruwa na shirin a kasuwa kwana kaɗan bayan rabo. Wasu manoman na gaskiya sun ɗauki abin a matsayin rabonsu na arzikin ƙasa, musamman da yake 'yan siyasa ne suke tsayawa a gaban kaya ranar rabo suna jawabi kamar kyauta suke bayarwa. Wanda aka miƙa wa buhun taki a dandalin siyasa, da wuya a zo daga baya a gamsar da shi cewa bashi ne. Wasu kuma da farashin kasuwa ya fi wanda aka daidaita, sai suka sayar a gefe suka bar kamfani da jira.

Amma akwai manomin da ya yi niyyar biya, ya kasa, kuma shi ne ya fi yawa a cikin waɗanda ba a jin muryarsu. Kayansa sun iso bayan shuka ta wuce, wani lokaci har dawa ta kai gwiwa. Ambaliyar 2020 ta shafe fadamun Kebbi, ta 2022 ta shanye yankin Haɗeja. A Zamfara da Katsina da gabashin Sakkwato 'yan bindiga sun hana shi zuwa gona, ko sun sa masa haraji kafin ya girbe. Inshorar da aka cire masa kuɗinta, da yawa ba su san yadda ake neman diyyarta ba. Sannan akwai wanda babu ambaliya, babu ɗan bindiga, taki ya zo a kan kari, ya zuba, amma gonar ta ƙi bayarwa yadda aka lissafa a ofis.

Wannan ba shi ne karon farko da gwamnati ta yi irin wannan yunƙuri ba. An kafa bankin manoma a Kaduna a farkon shekarun 1970, wanda bayan haɗe-haɗe da sauye-sauyen suna ya zama Bankin Manoma na yau, BOA. A 1977 aka kafa asusun lamunin bashin noma, wanda yake tsaya wa manomi har kashi 75 cikin ɗari na abin da ya kasa biyan banki. An yi shirin ciyar da ƙasa na Obasanjo a 1976, an yi juyin noma na Shagari a 1980. An yi ayyukan raya noma na Funtuwa da Gusau da Gombe, waɗanda suka haifi hukumomi irin su KNARDA. An yi shirin Fadama kashi-kashi tun farkon shekarun 1990, an yi rabon taki ta wayar hannu a zamanin Akinwumi Adesina, an kafa NIRSAL don rage wa bankuna tsoron bai wa noma bashi. Da duk wannan, noma yana samar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na arzikin Najeriya, amma rabonsa a bashin bankunan kasuwanci bai wuce kimanin kashi 5 cikin ɗari ba. Kusan dukkan waɗannan shirye-shirye sun yi tarayya a abu guda: damina ɗaya suke kallo.

Gonar da ta gaji

Ƙasar jigawa da ta mamaye Arewa mai yashi ce, ba ta riƙe ruwa ko abincin shuka sosai sai da taimakon abin da ya ruɓe a cikinta. Kakanninmu sun san haka. Suna barin gona ta huta ta zama saura. Suna gayyatar Fulani su sauka a gona da rani, shanu su ci kara su bar kashi. Suna kai takin gida da toka a mangalar jaki, kamar yadda manoman kewayen Kano suka yi shekaru aru-aru har masani Michael Mortimore ya yi rubuce-rubuce yana nuna yadda jama'a masu yawa suke noma ƙasa guda kowace shekara ba tare da ta mutu ba. Suna haɗa gero da wake, dawa da gyaɗa. Suna barin gawo da kuka da ɗorawa da tsamiya a tsakiyar gona.

Yau gado ya yanka gonaki ƙanana, babu maganar hutu. Zaman amana da makiyayi ya lalace a wurare da yawa. Kara ya zama kuɗi, ana kwashe shi tas a yi danga, a yi makamashi, a sayar wa masu kiwo, har harawa da ƙaiƙayi. Ƙasa na kwana tsirara daga kaka zuwa bazara, iskar hunturu ta ɗebe samanta, ruwan farko ya wanke ragowar. Inda aka yi sake sai ta zama faƙo, ko fartanya ba ta kama ta. A Gombe da wasu sassan Kano da Katsina kwazazzabai suna cin gonaki har da gidaje. A arewacin Yobe tudun rairayi na rufe kwarin dabino. Wuta-wuta kuwa, wadda take shanye dawa da masara tun daga saiwa, ta fi ƙarfi ne a ƙasar da ta tsiyace.

Zuba takin zamani a irin wannan gona kamar ɗiban ruwa ne da kwando. Yuriya na narkewa ta bi yashi ta wuce inda saiwa ba ta kai, ko ta tashi a iska. Ba laifin takin ba ne, kuma babu mai hankalin da zai ce a daina amfani da shi. Masu bincike a Samaru da cibiyoyin IITA da ICRISAT sun daɗe suna nuna cewa takin zamani ya fi aiki idan ya tarar da takin gargajiya a ƙasa, kuma shuka waken suya ko wake kafin masara yana ƙara wa ƙasa ƙarfi yana rage wuta-wuta. A Sadore kusa da Yamai an nuna cewa ɗan taki cikin murfin kwalba a gindin kowace shuka yana ɗaga amfanin gero ba tare da manomi ya ci bashin buhuna ba. Amma jadawalin bashi na gwamnati bai san wannan ba. Lissafi ɗaya ne ga kowace kadada: buhu kaza na kamfa, buhu kaza na yuriya, lita kaza ta magani, a biya bayan wata shida. Babu layin takin gida, babu layin dasa shinge, babu layin tare ruwa. Wanda ya ce zai raba gonarsa ya sa wake a rabi don ta farfaɗo, ya saɓa sharaɗi, domin bashin na shinkafa ne ko na masara zalla.

Ni a ganina a nan ne babban kuskuren yake. Gyaran ƙasa aikin shekara uku ne zuwa biyar kafin a ga ribarsa sosai. Bashin da ake bayarwa na wata shida ne. Manomin da ake bi bashi da kaka ba zai yi tunanin shekara biyar ba, dole ya tatsi gonar iya tatsa, ya sayar da karan ma don ya cika.

Masu dashe a wani ofishi

Ba wai gwamnati ta manta da ƙasa ba ne gaba ɗaya. Tana da shirye-shiryen alkinta ta, sai dai suna wata ma'aikata, da wasu motoci, da wani kasafi, kuma da wuya su haɗu da masu bashi a gona guda.

Bayan farin farkon shekarun 1970 an yi ta dasa jerin itatuwa masu tare iska a arewacin Kano da Katsina da Sakkwato da Barno. A yankin Dambatta an yi dogayen layuka na itacen turare. Sun rage iska, amma manoman da ke maƙwabtaka da su sun koka cewa saiwa da inuwa suna cinye geron da ke kusa, ga shi an ɗauki filin daga gonakinsu, ga shi itacen ba nasu ba ne. Daga baya aka zo da Babbar Katangar Itatuwa ta Afirka, wadda Tarayyar Afirka ta amince da ita a 2007, Najeriya kuma ta kafa mata hukuma a 2015 don jihohi goma sha ɗaya na bakin hamada, daga Kebbi zuwa Barno. An yi gandun renon itatuwa, an haƙa rijiyoyin burtsatse, an dasa miliyoyi. Sai dai abin da aka fi ƙirgawa shi ne yawan abin da aka dasa ranar biki. Ɗan itacen da aka sa a watan Agusta, idan babu mai ba shi ruwa a watan Maris, babu mai kare shi daga akuya, ba zai ga damina ta biyu ba.

Shirin da ya fi girma yanzu shi ne ACReSAL, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a Disamban 2021 da dala miliyan 700, na shekara shida, ga jihohin Arewa goma sha tara da Abuja, da burin farfaɗo da kadada miliyan ɗaya. Ya gaji shirin NEWMAP na 2012 wanda ya fi mayar da hankali kan manyan kwazazzabai. Abin da ya ja hankalina a ACReSAL ba manyan kwangilolin magudanan ruwa ba ne. Wani ɗan ƙaramin sashe ne: asusun al'umma mai juyawa, inda ake bai wa gari kimanin dala dubu 25, ƙungiyoyin manoma su ranta babu kuɗin ruwa, su mayar, wasu su karɓa. A karon farko cikin dogon lokaci, bashi da gyaran ƙasa sun shigo ƙauye a mota guda. Garuruwan da suka samu kaɗan ne idan aka kwatanta da masu bukata, kuma tasirinsa zai dogara ne ga ko mutanen gari sun ɗauke shi nasu, kamar adashi, ko sun ɗauke shi na gwamnati.

Abin da ya faru a Maraɗi

Ba sai an haye teku ba kafin a ga inda aka yi nasara. Tsallaka iyaka zuwa Nijar daga Jibiya ko Maigatari ya isa.

A farkon shekarun 1980 gonakin Maraɗi sun yi fayau. An koya wa manoma cewa gona mai kyau ita ce wadda aka share tas. Dokar gandun daji da aka gada daga Faransa kuma ta mayar da itatuwa masu daraja mallakar gwamnati, ko da a gonarka suka fito. Ma'aikacin gandun daji zai iya cin ka tara don ka sare reshen gawon da ubanka ya rena. Saboda haka mai wayo yakan tumɓuke tsiron tun yana ƙarami kafin ya jawo masa fitina. Ayyukan dashe na miliyoyin kuɗi sun yi ta mutuwa.

Wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, da ke aiki da mishan a Maraɗi, ya lura a 1983 cewa 'yan kurmin da ake sassabewa kowace bazara ba ciyayi ba ne. Tohon kututturan itatuwa ne waɗanda saiwarsu take raye a ƙarƙashin ƙasa. Idan aka zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi aka bar su, aka datse sauran, cikin 'yan shekaru sai su zama itace, domin saiwar ta riga ta kai ga danshi. Babu gandun reno, babu ban ruwa, wuƙa ko lauje kawai. Shi ne abin da manoman can suke kira sassabin zamani.

Akwai wani ɓangare na labarin da ya kamata duk mai tsara shirin gwamnati ya sani. Lokacin yunwar 1984 an haɗa wannan aiki da rabon abinci a ƙauyuka kusan ɗari: ka bar itatuwa a gonarka, a ba ka hatsi. Aka rena itatuwa kimanin dubu ɗari biyar. Da rabon abinci ya ƙare, sai aka sare kusan kashi biyu cikin uku. Waɗanda suka bar nasu kuwa suka ga iska ta daina binne musu shuka, ba sa maimaita shuka sau uku ko huɗu, matansu sun huta da doguwar tafiyar neman itace, dabbobinsu na samun ganye da 'ya'yan gawo da rani. Maƙwabta suka gani suka kwaikwaya. Wato biya ya fara abin, amma ba biya ne ya riƙe shi ba.

Abin da ya riƙe shi shi ne mallaka. A hankali hukuma ta sassauta, dokar karkara ta 1993 da dokar gandun daji ta 2004 suka buɗe hanya, har a watan Yulin 2020 gwamnatin Nijar ta fitar da doka ta musamman da ta tabbatar wa manomi haƙƙin itacen da ya rena a gonarsa. Ƙauyuka irin su Ɗan Saga a yankin Agye suka kafa kwamitocin tsaro, da mata da makiyaya a ciki, don hana saran sata. Da masu bincike irin su Chris Reij da Gray Tappan da Mahamane Larwanou suka kwatanta tsofaffin hotunan sama da sababbi, sai suka ƙiyasta kadada miliyan biyar da itatuwa kimanin miliyan ɗari biyu, mafi yawa a Maraɗi da Damagaram. Babu wani shirin dashe na gwamnati a duk yankin Sahel da ya kusanci wannan adadi.

Gawo shi ne sarkin wannan aiki. Yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya yi wa gero inuwa, ganyen ya zama taki a gindinsa, ya kuma yi kore da rani lokacin da dabba take neman abin ci. Ana ba da labarin cewa Sarkin Damagaram Tanimu ya sa hukunci mai tsanani ga mai sare shi tun a ƙarni na 19. Ilimin ba baƙo ba ne, doka ce ta raba mutane da shi.

A yankin Tawa kuma faƙo aka yaƙa. Manoman Illela sun ziyarci Yatenga a Burkina Faso a 1989, suka dawo da dabarar tassa: ramuka a busasshiyar ƙasa, a zuba ɗan takin gida, ruwan sama ya taru, a shuka a ciki. Da ita da rabin-wata, wato ramuka masu siffar rabin wata da ke tare ruwa, aka mayar da filayen da aka yafe gonaki, har faƙo ya yi kuɗi aka fara sayensa. A kwarin Majiya, layukan dogon yaro da aka fara dasawa a 1975 sun ƙara amfanin gero, mutanen garuruwan kuma suna yankan rassa suna raba kuɗin.

Ta fuskar bashi ma Nijar ta gwada wata hanya. Asusun FISAN da aka kafa a 2017 ya tsara cewa manomi ya kawo kashi 10, a ba shi tallafin kashi 40, banki ya ranta masa kashi 50, don abubuwa masu ɗorewa kamar rijiya da kayan ban ruwa. Ba kowa ya samu ba, kuma janyewar masu ba da agaji bayan juyin mulkin Yulin 2023 ta taɓa irin waɗannan shirye-shirye. Amma tunanin daidai ne: abin da amfaninsa na kowa ne kuma na dogon lokaci, a tallafa, abin da zai dawo da kuɗi da wuri, a ranta.

Riba, jingina, da wanda ba ya cikin jeri

Akwai dalilan da suke hana manomi ko kusantar ƙofar banki, kuma masu tsara shiri a Abuja sukan raina su. Na farko riba. Dattijo mai tsoron Allah zai gwammace ya noma rabin gonarsa da ya karɓi bashin da aka rubuta kashi 9 a kansa. Wani kuma zai karɓa da zuciya biyu, ya samu hujjar ƙin biya. Sai a 2020 Babban Banki ya fitar da ƙa'idojin da babu ruwa a ciki, shekara biyar bayan fara shirin da mafi yawan masu cin gajiyarsa Musulmi ne. Alhali fiƙihu yana da cinikin salam, inda ake biyan kuɗin amfanin gona tun kafin girbi, ga murabaha don sayen kaya, ga bankuna irin su Jaiz da suke aiki tun 2012. Da an fara da nan, da limamin gari ma ya taya karɓar bashin.

Na biyu jingina. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna, banki kuma takardar shaidar mallaka yake nema. Manomin ƙauye shaidarsa dagaci ne da maƙwabta. Mai noma gonar aro ko haya ko jingina ba shi da ko wannan, kuma ba zai rena itace ko ya kai taki gonar da za a iya karɓewa baɗi ba. Mata kuwa, da suke riƙe da kiwon awaki da sarrafa gyaɗa da shinkafa, sunansu ba ya cika shiga jeri. Amma a Maraɗin nan ne aka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a 1991, asusun mako-mako da mata suke ranta wa junansu, tsarin da ya bazu zuwa ƙasashe da dama saboda kuɗin yana dawowa. Mai bin bashin maƙwabciya ce, ba baƙo daga birni ba.

Inda gwamnati ba ta kai ba, ɗan kasuwa ya kai. A watan Agusta, lokacin da rumbu ya ƙare sabo bai nuna ba, manomi yana cin bashin kaka: buhu ɗaya a mayar da ɗaya da rabi ko biyu. Da girbi kuma dole ya sayar a lokacin da hatsi ya fi arha, ya dawo ya saya da tsada a bazara. Wannan rami ne tsarin jinginar hatsi, wanda hukumar FAO ta taimaka wajen yaɗawa a Nijar tun 1999, ya zo cikewa. Ƙungiya ta tara buhunanta a sito mai kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya a hannunta, ɗaya a hannun mai ba da rance. A ba manoma kuɗi su yi sana'ar rani, da farashi ya tashi a buɗe a sayar a biya, ragowar ta zama kuɗin iri da taki a daidai lokacin shuka. Yana da hatsari idan farashi ya faɗi maimakon ya tashi, kamar yadda manoman Najeriya suka gani a 2025 bayan an sassauta shigo da abinci, hatsi ya karye, taki kuma bai sauko ba. Duk da haka jinginar tana hannun manomi, ba sai ya nemi takarda a birni ba.

Abin da ya rage a ƙasa

Manomin da yake neman taimako yau, ƙofofin da suka rage masa kaɗan ne, kuma kusan duka ta ƙungiya ake shigarsu. Asusun lamuni na 1977 yana nan, ana nemansa ta banki ko ƙaramin bankin al'umma. Bankin Manoma yana nan, gwamnati kuma ta sanar a 2025 cewa za ta ƙara masa jarin naira tiriliyan ɗaya da rabi. Akwai tallafin rabin kuɗin kayan noman rani da aka ƙaddamar da alkama a Jigawa a Nuwamban 2023 da kuɗin Bankin Raya Afirka. Akwai ofishin ACReSAL a kowace jihar Arewa, akwai hukumomin raya noma na jihohi, duk da malamin gona guda yana fama da dubban manoma, sau da yawa babu ko man babur. Bankin kasuwanci kuwa, da kuɗin ruwa ya doshi kashi 30, ba wurin mai gero ba ne. Wanda zai nema ya yi rajistar ƙungiya ta gaskiya da mutanen da ya sani, ya tanadi lambar BVN da ta ɗan ƙasa, ya tambayi sharuɗɗan inshora kafin ya sa hannu, kuma kada ya ba kowa kuɗin fom a bayan fage.

Idan za a zuba wa Bankin Manoma sabon jari, lokacin gyara tsari ke nan. A fitar da bashin damina tun Afrilu, ba Yuli ba. A buɗe wani na shekara uku zuwa biyar, da sassaucin shekarar farko, don tassa da rabin-wata da shinge da rijiya da 'yan dabbobin da za su ba da taki. A rage wa manomi wani kaso na bashinsa idan malamin gona ya zo bayan shekara uku ya ƙirga itatuwa rayayyu a gonarsa, abin da hoton tauraron ɗan'adam ma zai iya tabbatarwa. Jihohi su rubuta a doka, a kuma faɗa a rediyo da Hausa da Fulatanci da Kanuri, cewa itacen da ka rena a gonarka naka ne. A raba ranar rabon bashi da dandalin siyasa.

Dala miliyan 700 ta ACReSAL ita kanta rance ce. Najeriya za ta biya ta shekaru masu yawa bayan an rufe ofisoshin shirin a kusan 2028. Har yanzu jihohi suna da sauran lokaci su yanke shawarar wanda zai riƙe asusun garuruwa, da wanda zai biya masu gadin dashe da malaman gona daga kasafinsu, kafin motocin shirin su daina zuwa ƙauye.